Wutar lantarki a jihar Arizona

Arizona jiha ce a kudu maso yammacin Amurka, yawancinta hamada ce, kuma tarihin wutar lantarkinta a ɗaure yake da tarihin ruwa. Manyan masu raba wuta guda uku ne: Arizona Public Service wato APS wanda ya fi kowa yawan kwastomomi, sai Salt River Project ko SRP a yankin birnin Phoenix, sai Tucson Electric Power a kudu.

Tarihi

SRP da farko ba kamfanin wuta ba ne ma. Manoman kwarin kogin Salt ne suka haɗa ƙungiya a 1903 bayan fari ya gallabe su, suka jinginar da gonakinsu ga gwamnatin tarayya don a gina musu dam, shi ne madatsar Roosevelt da aka buɗe a 1911, tsohon shugaba Theodore Roosevelt da kansa ya zo buɗewa. Ruwan noma suke nema, wuta daga baya ta biyo, amma yau wutar ce ke kawo kuɗin. Wasu daga magudanan da SRP ke amfani da su har yanzu kan sawun waɗanda mutanen Hohokam, tsoffin mazauna yankin, suka haƙa da hannu ɗaruruwan shekaru da suka wuce aka bi. APS kuwa ana danganta asalinsa da wani ƙaramin kamfani a Phoenix wajajen shekarun 1880.

Daga nan sai madatsar Hoover a kogin Colorado kan iyaka da Nevada, an gina ta daga 1931 zuwa 1936, ƙarfinta kusan megawat 2,080, sai ta Glen Canyon a shekarun 1960. Farin da ya fara tun wajen 2000 ya sa ruwan dam ɗin biyu ya ja baya sosai, kuma in ruwa ya ragu injinan ba sa ba da wuta kamar da.

Kwal da ƙasar Navajo

Tashar Navajo kusa da garin Page mai megawat 2,250 ta fara aiki a 1974, kwal ɗinta daga mahaƙar Kayenta jirgin ƙasa mai lantarki ne ya riƙa kawo shi. Kafin a rufe ta, wani kaso na wutarta shi ne ya riƙa tura ruwan Colorado ta magudanar Central Arizona Project mai tsawon fiye da kilomita 500 har Phoenix da Tucson. Abin takaici, manyan wayoyi na wucewa ta saman gidajen 'yan ƙabilar Navajo da dubbansu ko ƙwan fitila ɗaya ba su da shi, sai fitilar kananzir da kwandon ƙanƙara don ajiye abinci. An rufe tashar a Nuwamba 2019, aka rushe dogayen bututun hayaƙinta uku a Disamba 2020. Ana ta taƙaddama kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da haƙar kwal ta cinye da ayyukan yi da aka rasa.

Palo Verde

Tashar nukiliya ce a yamma da Phoenix kusa da Tonopah, rukunai uku da suka fara aiki tsakanin 1986 da 1988, jimilla wajen megawat 3,900, APS ke tafiyar da ita. Ba kogi ba teku a kusa, don haka da ruwan kwatamin Phoenix da garuruwan kewaye ake sanyaya ta bayan an tace shi, ta bututu mai kusan kilomita 60.

Yanzu

Iskar gas da nukiliya ne kan gaba, sola da batura na ƙaruwa. Tashar Solana kusa da Gila Bend na adana zafin rana a cikin narkakken gishiri har ta ba da wuta awa shida bayan faɗuwar rana. Buƙata ta fi hauhawa da yammacin bazara lokacin da kowa ya kunna esi, a 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafi na kai digiri 43 ko fiye. Hukumar Arizona Corporation Commission mai zaɓaɓɓun kwamishinoni 5 ke tsayar da kuɗin wuta na APS da Tucson Electric, banda SRP, kuma a 2019 ta hana kamfanonin da ke ƙarƙashinta yanke wa gidaje wuta saboda bashi daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Oktoba.