Ginin Buzludzha na Bulgariya

Buzludzha gini ne da ke kan ƙololuwar wani dutse mai wannan suna a tsaunukan Balkan, a tsakiyar Bulgariya, kusa da garin Kazanlak. Jam'iyyar kwaminisanci ce ta gina shi domin tunawa da taron sirrin da Dimitar Blagoev ya jagoranta a wurin a 1891, inda 'yan gurguzun ƙasar suka kafa jam'iyyarsu ta farko. Tun kafin nan ma dutsen yana da daraja, domin a kansa ne Hadji Dimitar, jagoran masu fafutukar 'yantar da Bulgariya daga daular Usmaniyya, da mayaƙansa suka gwabza da sojojin Turkawa a 1868.

Georgi Stoilov ne ya zana ginin. An soma aiki a 1974, sai da aka fasa kan dutsen da nakiya aka baje shi, aka kuma buɗe ginin a watan Agustan 1981, zamanin mulkin Todor Zhivkov, shugaban kwaminisancin ƙasar. Zagayayye ne na kankare, kamar akushin da aka rufe da wani akushi, ga hasumiya mai tsawon mita 70 a gefensa da manyan jajayen taurari. A babban zauren an lulluɓe bango da ƙananan duwatsu da gilasai masu launi, aka fitar da fuskokin Marx da Engels da Lenin, a tsakiyar rufi kuwa guduma da lauje, tambarin kwaminisanci. Aiki ne na gwanaye, ko wanda ya tsani mulkin ba zai musanta haka ba.

Shekara takwas kacal ya yi yana aiki. Da gwamnatin ta faɗi a 1989 sai aka yi watsi da shi. Aka ɓantare fuskar Zhivkov daga bango, ɓarayi suka kwashe tagullar rufin, ruwa da ƙanƙara suka samu hanyar shiga.

Har yau kan Bulgariyawa a rabe yake game da makomar ginin. Waɗanda danginsu suka sha azaba a sansanonin tsare 'yan adawa irin na Belene suna ganin gyara shi tamkar wanke azzalumai ne, kuma suna da hujja: a 2000 majalisar ƙasar ta yi doka da ta ayyana mulkin kwaminisanci a matsayin na laifi. 'Yan jam'iyyar gurguzu ta yanzu kuwa duk shekara suna taro a kusa da shi. Rushewa ma ba baƙon abu ba ne, tunda a 1999 an tarwatsa hubbaren Georgi Dimitrov, shugaban kwaminisancin ƙasar na farko, a Sofiya, babban birnin ƙasar. Sai dai barin ginin ya ruɓe hasara ce ga kowane ɓangare, domin yaran da aka haifa bayan 1989 suna buƙatar ganin yadda mulkin ya kambama kansa.

A 2015 Dora Ivanova, mai zanen gine-gine, ta kafa gidauniyar ceto shi. Ƙungiyar Europa Nostra, mai kare kayan tarihin Turai, ta sa shi cikin wuraren tarihi 7 da suka fi fuskantar haɗari a Turai a 2018, sannan Gidauniyar Getty ta Amurka ta ba da dala 185,000 a 2019 domin tsara yadda za a adana shi, kafin a shiga aikin kare zanen bangon.