Waiwaye: bututun kabon da ke lotsawa ya sake miƙewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan gwangwan a Agege ya san halin gwangwanin lemo. In yana tsaye, sai ka ɗora masa nauyi ya jure. Kwantar da shi ka taka cikinsa, nan take ya lotse. Masana sun daɗe suna bin irin wannan hali a wani abu da ido ba ya gani, wato bututun kabon, wanda silin gashi ya fi shi kauri sau dubbai.

Labarin ya faro a 1985 a Jami'ar Rice ta Amurka, inda Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley suka gano ƙwayoyin zarra 60 na kabon, sinadarin gawayi da bakin fensir, sun haɗu kamar ɗinkin ƙwallon ƙafa. Hakan ya jawo musu lambar Nobel a 1996. A 1991 kuma Sumio Iijima na Japan ya bayyana wani nau'in mai kama da naɗaɗɗiyar tabarma, wato bututun kabon.

Daga nan aka shiga matsa su a ga iyakarsu. A 1992 masana a Faransa suka danne ƙwallayen da matsin da ya kai ninki kusan dubu 200 na iskar da ke kanmu, ba tare da wuta ba, sai ga su sun rikiɗe daimon. Bututun kuwa halinsa biyu ne. Ta tsawonsa ya fi ƙarfe taurin kai wajen ja kusan sau biyar. Ta gefe, bakinsa kan tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai, sannan ya baje, kuma mai faɗin baki shi ke riga lotsawa. Inda ya sha bamban da gwangwani shi ne, sau da yawa in aka sake shi sai ya koma yadda yake.

Shi ya sa nake ɗaga gira in na ji ana cewa ya fi ƙarfe ƙarfi, ba a faɗi ta wane gefe ba.

Ita tabarmar kabon a shimfiɗe, wadda ake kira girafin, sai a 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare ta a Mancesta da salatif. A 2008 aka auna juriyarta a Jami'ar Columbia, aka shimfiɗa ta kan ƙananan ramuka kamar fatar kalangu, ana danna ta da tsinin daimon har ta fashe.