Hayar shekara biyu a dunƙule: abin da dokar Legas ta ce

Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Agege, ko Mile 12, ko Idi-Araba, ya san yadda abin yake tafiya. Dillali zai zaga da kai gida uku ko huɗu har ka ga wanda ya kwanta maka, ciki da falo, ga ruwa kusa, kuɗin ma babu laifi. Sai an zo wajen biya a ce mai gida hayar shekara biyu yake so a dunƙule. Gidan da ya zo daidai da aljihunka ya fi ƙarfinka ke nan, domin samun da kake yi na wata-wata ne, kuma an nemi ka ajiye na wata 24 rana ɗaya.

Doka ta hana wannan. Dokar Haya ta Jihar Legas, wadda gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2011, ta ce a sashe na 4 laifi ne mai gida ko wakilinsa ya nemi ko ya karɓi fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Wanda yake zaune a gidan tun tuni kuwa, idan wata-wata yake biya, ba za a nemi ya ba da fiye da na wata 6 a gaba ba. Idan na shekara ne, shekara ɗaya ce iyaka. Hukuncin shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 3.

Amma akwai ƙaya a cikin wannan sashe. Dokar ba mai karɓa kaɗai ta kama ba, har da mai bayarwa. Ɗan hayar da ya miƙa kuɗin shekara biyu, ko ya yi tayin haka don ya riga wani samun gidan, shi ma ya yi laifi, hukuncinsu ɗaya. Na fahimci dalili, ana so ne a hana masu hali ture talaka da tayi mai tsoka. Sai dai a ganina hakan ya rufe bakin wanda aka zalunta. Magidancin da ya taso daga Kano ko Sakkwato da iyalinsa, ya ranto kuɗi ya biya don kada su kwana a shagon wani, ta yaya zai kai ƙara alhali ƙarar za ta haɗa da shi? Shi ya sa lokacin amfani da wannan sashe shi ne kafin kuɗi su bar hannunka.

Dokar ba ta aiki a Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. Mai neman gida mai sauƙin kuɗi da ma ba can ya nufa ba.

Sai rasit. Mu mun saba ciniki da amana, a biya a gaban shaidu a yi musafaha a tashi. A harkar haya a Legas wannan ba ya isa. Sashe na 5 ya wajabta wa mai gida ya ba da rasit mai ɗauke da ranar biya, sunansa da naka da adireshi, bayanin gidan, adadin kuɗin, da tsawon lokacin da aka biya wa. Idan ya ƙi, tarar naira 100,000 ce a kansa. Kuɗin ajiya na gyaran ɓarna da kuɗin hidimar gida su ma rasit nasu daban ne, kuma kana da haƙƙin a ba ka bayani a rubuce, aƙalla duk wata 6, kan yadda aka kashe su. Layin da ya fi muhimmanci a rasit ɗin shi ne na tsawon lokaci, domin shi zai nuna wa kotu ko kai ɗan hayar wata ne ko na shekara, wa'adin tashinka kuma a kan haka ya dogara.

Idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wa'adi ba, sashe na 13 ya faɗa: wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata 3 ga mai biya duk wata uku ko duk wata shida, wata 6 ga na shekara. Idan ta faɗa, abin da ka sa wa hannu shi zai hau kanka, don haka wanda bai iya karatun Turanci ba ya nemi wanda ya yarda da shi ya karanta masa takardar, ban da dillalin da ke jiran la'adarsa. Bayan wa'adin ya cika sai a ba ka wata takardar ta kwana 7, daga nan sai kotu. Mai gida ba shi da ikon yaye kwano, ko watsa kayanka waje, ko turo maka 'yan daba. Sashe na 44 ya tanadi tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6 ga mai yin haka.

Dokar ba ta ƙayyade farashin haya ba. Abin da ta bayar shi ne sashe na 37: idan aka yi maka ƙarin da ya wuce hankali, kana iya neman kotu ta duba, ta kwatanta da abin da ake biya a unguwar ko makamanciyarta, kuma ba za a fitar da kai ba har sai ta yanke hukunci. Wanda shari'a ta yi wa nauyi yana iya fara zuwa cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'a ta jihar, wadda aka fi sani da Citizens' Mediation Centre, inda ake zaunar da mai gida da ɗan haya kyauta. Ka tafi da rasit ɗinka da takardar yarjejeniya.