Tsiro da iskar kabon dayoksaid: sha yake yi ko fitarwa?

Wai tsiro jan kabon dayoksaid yake yi, ko fitar da ita?

Duka biyun yake yi, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Da rana ganye yana jan iskar ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya iya gani, ana kiransu sitomata, galibinsu a bayan ganye suke. Koren sinadarin nan kulorofil yana kama hasken rana, da ƙarfinsa ake haɗa iskar da ruwan da saiwa ta tsotso, sai a samu sukari. Wannan shi ne fotosintesis. Numfashi kuwa ba dare ba rana. Kowace ƙwayar halitta mai rai a jikin tsiro, har ta saiwar da ke binne, tana ƙona sukarin da oksijin don samun ƙarfi, tana fitar da kabon dayoksaid.

To me ya sa ake cewa tsirrai na rage ta a sararin sama?

Saboda idan akwai haske, abin da ganye ke ja ya fi abin da numfashi ke fitarwa. Rarar ce ke zama itace, ganye da 'ya'ya. Da duhu ya shiga fotosintesis ya tsaya, numfashi kaɗai ya rage.

Ashe ba daga ƙasa bishiya ke samun jikinta ba?

Haka aka daɗe ana zato. A ƙarni na 17 wani masanin kimiyya, Jan van Helmont, ya dasa itacen wilo a tukunya, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Itacen ya ƙara nauyin kilo 74, ƙasar tukunyar kuwa ko giram 60 ba ta rage ba. Ya ce ruwa ne ya zama itace, amma rabin gaskiya ya faɗa. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, daga iska kuma ya fito. Abin mamaki, kabon dayoksaid kusan kashi 0.04 cikin 100 ce kawai na iskar da muke shaƙa.

Oksijin da tsiro ke fitarwa daga kabon dayoksaid yake cirowa?

A'a, daga ruwa ne. Masana kimiyya Samuel Ruben da Martin Kamen sun nuna haka a 1941.

Akwai tsirran da ke jan kabon dayoksaid da dare?

Akwai, irin su abarba da tsirran hamada masu ƙaya. Buɗe ƙofofin ganye cikin zafin rana asarar ruwa ce, don haka sai dare suke buɗewa, su adana iskar a matsayin sinadari mai tsami, gari ya waye su yi aiki da ita ƙofa a rufe.

Kwana a ɗaki da tukunyar fure fa, da haɗari?

Babu. Abin da tsiron zai fitar a dare guda bai kai ko kusa da na mutum ɗaya da ke barci a ɗakin ba.