Sigina da Mahaɗar Layin Dogo

Sigina ita ce alamar da ake kafawa a gefen layin dogo domin sanar da matuƙin jirgin ƙasa ko ya wuce, ko ya rage gudu, ko ya tsaya. Mahaɗa kuwa ita ce inda layi ɗaya yake rabuwa biyu. Jirgin ƙasa ba shi da sitiyarin da zai kauce da shi, ƙafafunsa kuma ƙarfe ne a kan ƙarfe, ta yadda jirgi mai kaya yakan ci fiye da kilomita ɗaya bayan an kama birki kafin ya tsaya cak. Saboda haka dole labarin hanya ya riski matuƙi tun kafin idonsa ya kai gare ta.

Ana kasa layi kashi-kashi, kuma ba a barin jirgi biyu su shiga kashi ɗaya a lokaci ɗaya. Sigina mai hannu, wadda ake ɗagawa a sauke, ta fara aiki a Ingila wajen 1841, daga baya fitilu suka gaje ta. A tsarin Faransa koriyar fitila na nufin hanya a buɗe take, rawaya na gargaɗin cewa sigina ta gaba a rufe take, ja ɗaya na tsayar da jirgi, ja biyu kuwa tsayawa ce da ba a ƙetare ta sai da izini, kuma ita ce ke tsaron mahaɗa. A 1872 Ba'amurke William Robinson ya ƙirƙiro dabarar sakin lantarki kaɗan cikin ƙarafan layin: da zarar ƙafafun jirgi sun hau, sai su haɗe ƙarafan biyu, sigina ta koma ja da kanta. Hikimar wannan dabara ita ce ko waya ce ta tsinke, ja za a gani.

A mahaɗa akwai siraran ƙarafa biyu masu motsi, waɗanda Faransawa ke kira allura saboda tsininsu. Idan aka ja su gefe, sai bakin ɗaya ya manne da ƙarfen layi, ɗayan ya bar rata, leɓen ƙafar jirgi ya bi inda aka buɗe masa. Tsakuwa guda ko yashin da iska ta tara na iya hana allura mannewa, abin da ya sa sharar mahaɗa aiki ne na kullum a ƙasa mai rairayi irin tamu Nijar. Babban haɗari shi ne sigina ta ce a wuce alhali allura tana kallon wani layi. Baturen Ingila John Saxby ya yi rajistar maganin wannan a 1856: kulle ne tsakanin sandunan da ma'aikaci ke ja, wanda ke hana buɗe sigina sai allura ta zauna daidai, ya kuma hana taɓa allura muddin sigina na buɗe. Bayan hatsarin jirgin ƙasa na garin Armagh da ke Ireland a 1889, inda mutum 80 suka rasu, dokar Birtaniya ta wajabta shi a layukan fasinja.

A Nijar, an ƙaddamar da tashar Yamai ranar 7 ga Afrilu 2014, kuma layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, mai kusan kilomita 140, ya kai Doso a Janairun 2016, sai dai bai shiga jigilar yau da kullum ba. Faɗinsa, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu, mita ɗaya ne, daidai da layin Kwatano zuwa Paraku na ƙasar Benin. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka soma ginawa a 2021 faɗinsa milimita 1435 ne, tsohon layin Najeriya kuma, wanda ya rabu a Zariya ya nufi Ƙauran Namoda, 1067 ne. Wannan bambanci ba ƙaramin lamari ba ne, domin allura ba ta iya ɗauke tarago daga wani faɗi zuwa wani. Sai an sauke kaya an sake lodi.

Masu ɗaukar hoton jirgin fasinja sun fi son mahaɗa, saboda a nan jirgi ke rage gudu yana lanƙwasa, kansa da taragansa su fito a hoto ɗaya. Hasken safiya ya fi dacewa, rana tana bayan mai ɗauka, kafin ƙurar hunturu ta dushe launi. Ana neman izinin shugaban tasha, a tsaya nesa da ƙarafa, ba a haska fitilar kyamara a idon matuƙi, kuma ba a taka allura ko da babu jirgi a kusa, domin ana iya motsa ta daga nesa ta datse ƙafa.