Wahalar bin darussan manhaja

Darasin manhaja rubutu ne ko bidiyo da ke nuna yadda ake girka manhaja, ko saita ta, ko rubuta shiri da ita, mataki bayan mataki. Mai koyo kan bi umarnin tiryan-tiryan, amma abu ya ƙi aiki. Galibi dalilin shi ne an shirya darasin a kan wata kwamfuta a wani lokaci, mai karatu kuwa yana kan wata kwamfutar daban, wataƙila bayan shekaru.

Sauyin siga, wato fitowar sabon samfurin manhaja, na cikin abubuwan da ke jawo wannan. Python yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta ne. A Python 2 ana rubuta umarnin print, mai nuna rubutu a allo, ba tare da baka, wato alamar ( ), ba, amma Python 3, wadda ta fito a 2008, ba ta karɓar sa sai da baka biyu. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, duk da haka tsofaffin darussanta na nan birjik a intanet, da yawa ba su ma faɗi sigar da suke nufi ba. Haka GitHub, shafin da masu rubuta shiri ke adana ayyukansu: daga Oktoba 2020 sunan babban reshen sabon ma'aji, wato ainihin kwafin aikin, ya koma main maimakon master, sannan a Agusta 2021 aka daina karɓar kalmar sirri wajen tura aiki zuwa shafin da manhajar Git. Darasin da ya girmi waɗannan sauye-sauye zai kai mutum ga kuskure ko da bai tsallake layi ɗaya ba.

Akwai kuma matakan da marubuci ke tsallakewa domin sun zame masa jiki. Zai ce a buga umarni, bai faɗi a cikin wace jakar fayiloli ba, ko ya manta cewa ya daɗe da saka manhajar a PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke duba shirye-shirye. Idan babu wannan, sai ta ce ba ta san umarnin ba. Ga bambancin tsari: Windows na raba sunayen jakunkuna da \, Linux da macOS kuwa da /.

Kwafar umarni daga darasi ma tana da tarko. Alamar $ a farkon layi ba ta cikin umarnin, kuma tazarar farkon layi a Python tana da ma'ana, idan ta goce shirin ya tsaya.

Kafin a fara, ana duba ranar darasin, a duba sigar da ke kan na'ura da umarni irin python --version. Idan saƙon kuskure ya fito a Python, layinsa na ƙarshe ne ke faɗin nau'in matsalar.