Dokar korona ba ta hana biki a fili ba: bayani ga masu hayar rumfa da kujeru a Sakkwato

Wata ranar Laraba a farkon 2021, lokacin da dokar korona take aiki, wata Hajiya daga Mabera ta zo shagona neman a mayar mata da kafin alƙalamin da ta bayar na rumfa huɗu da kujeru. Auren ɗiyarta saura mako biyu. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini waya ta ce, "Ɗana, saurari wanga. An ce Buhari ya hana biki, duk wanda anka kama da taron da ya wuce mutum hamsin wata shida za shi yi gidan yari, kuma a kwashe kayan haya." Na saurara. Wani ne da bai faɗi sunansa ba, yana magana da tabbaci kamar a gabansa aka sa hannu. Na ce, "Hajiya, ki zauna ki sha ruwa tukuna, in karanta miki abin da takardar ta ce."

Ita ce ta uku a cikin mako guda. Ni ba lauya ba ne. Malamin makarantar kuɗi ne da albashinsa ya tsaya lokacin da aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, na tattara ɗan abin da nake da shi na sayi rumfa biyu da kujerun roba sittin. Da su nake ci da iyalina yau, don haka dole ta sa na nemi dokar na karanta ta layi-layi, kuma ina ganin haƙƙi ne in faɗa wa abokan sana'a abin da na gani.

Dokar da ake magana a kai ita ce ƙa'idojin kare lafiya daga cutar korona na 2021, waɗanda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a ranar 26 ga Janairu, 2021, bisa ikon da tsohuwar dokar killace masu cuta ta ba shi. A wancan lokacin tana aiki a faɗin ƙasa, ba Legas da Abuja kaɗai ba. Ta shafi kasuwanni, shaguna, otal-otal, gidajen abinci, tashoshin mota, wuraren ibada, makarantu, bankuna, wuraren shaƙatawa da ɗakunan taro.

To, ina maganar mutum hamsin ta fito? Tana nan a ciki, amma da sharaɗi. Abin da aka rubuta shi ne kada taro ya wuce mutum 50 a rufaffen wuri, sai fa in na ibada ne, shi kuma kada ya wuce rabin abin da wurin yake ɗauka. Rufaffen wuri aka ce. Mai muryar WhatsApp ya haɗiye waɗannan kalmomi biyu, alhali a kansu maganar duka ta rataya. Ɗaurin aure a ƙofar gida, walimar sauka a filin makaranta, zanen suna a tsakar gida, zaman gaisuwa a bakin titi, babu ɗaya da wannan adadi ya hau kansa. Wanda ya kama ɗakin taro mai bango da rufi, shi ne zai ƙirga kawuna.

Ina da zaton inda ruɗanin ya samo asali. A ranar 21 ga Disamba, 2020, da cutar ta sake tasowa, kwamitin shugaban ƙasa kan korona da Boss Mustapha yake jagoranta a lokacin ya bai wa gwamnoni shawarar rufe ɗakunan taro da gidajen rawa na mako biyar, kuma a taƙaita bukukuwa zuwa mutum 50. Mutane sun ji wancan, sun ji wannan, sai suka cuɗa su wuri ɗaya. Waccan shawara ce aka miƙa wa jihohi, wannan kuwa doka ce da a lokacin ake iya gurfanar da mutum a kanta. Gaskiya ne dokar ta bar ƙofa: kwamitin na iya sauya ƙa'idojin bisa shawarar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, gwamna ma na iya ƙara nasa matakan. Saboda haka da gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya ƙara wani sharaɗi, da a rediyo da bakin jami'an gwamnati za mu ji shi, ba a saƙon da ba a san mai shi ba.

Akwai wurin da nake jan kunnen 'yan'uwana. A lokacin hunturu ne, iska da ƙura sun sa kowace uwar biki tana so a sako labulen rumfa ta kowane gefe. Rumfa mai labule huɗu a sake, balle babban tantin nan da ake sa wa na'urar sanyaya wuri, a fahimtata ta zama ɗaki, ko da a tsakiyar fili aka kafa ta. In jami'i ya ce rufaffen wuri ne, ba ka da bakin musu. Dalilin bambancin ma ai iska ce: cutar ta fi yaɗuwa inda numfashin jama'a yake taruwa ba ya fita. Ni gefe ɗaya nake rufewa, na gabas inda iskar take bugowa, in bar sauran ukun a buɗe.

Abin da ya fi ƙuntata mana a dokar nan ba hamsin ba ne, kuma babu mai maganarsa. Sharaɗi na farko ne: tazarar aƙalla mita biyu tsakanin mutum da mutum a kowane taro, na fili ko na ɗaki. Ɗauki awo ka gwada. Rumfar da muka saba da ita, mai kamar mita shida kowane gefe, in ka bi tazarar nan layi huɗu za ka samu, kowane layi kujera huɗu, wato 16, kuma sai ka kai kujerun har bakin ƙarfe. A da a ƙarƙashinta muke jera arba'in ko fiye. Ranar da na fara gwadawa da igiya mai ƙulli a kowace mita biyu, yaran da ke taya ni ɗauka tsayawa suka yi suna kallon filin da ya rage kamar an yi mana sata. Ma'anar wannan a lokacin ita ce mai biki zai ƙara rumfa ya rage kujeru, ko ya raba taron: maza da hantsi bayan ɗaurin aure, mata bayan la'asar. Nan ne ma na samu hanyar faɗaɗa sana'ata, domin da na tashi ƙara jari rumfa na ƙara, ban ƙara kujeru ba.

Sai sharuɗɗan bakin ƙofa, waɗanda dokar ta ce sun hau kan taron fili da na ɗaki duka. Takunkumi mai rufe hanci da baki. Wanke hannu, ko shafa man tsaftace hannu da NAFDAC ta amince da shi. Auna zafin jiki, wanda nasa ya haura digiri 38 a hana shi shiga, a ba shi shawarar zuwa asibiti. Bokiti mai famfo da sabulu ba su da tsada, a lokacin a cikin kuɗin haya nake haɗa su. Game da na'urar auna zafi, ga abin da na lura: mutumin da ya sauko daga kabu-kabu da tsakar rana goshinsa zai yi zafi ko lafiyarsa lau, kuma mun san abin da ranar Sakkwato take yi daga Maris. A zaunar da shi a inuwa na ɗan lokaci a sake gwadawa, kafin a kunyata dattijo a gaban surukansa.

Yanzu hukuncin, wanda shi ne ya hana Hajiya barci. Dokar ta ce wanda ya saɓa mata, ko ya ƙi bin umarni ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko ya tare jami'i a bakin aikinsa, ya yi laifi. Hukuncinsa tara, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, kamar yadda sashe na 5 na dokar killacewa ya tanada. Wata shidan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Amma duba tarar da wancan sashe ya ambata: naira 200. Ba kuskuren rubutu ba ne. Dokar killacewar ta samo asali tun 1926, zamanin Turawa, kuma adadin ya tsufa a cikinta ba a taɓa shi ba. Masu cewa tarar naira dubu ɗari ce suna tuna shari'ar 'yar fim Funke Akindele ne, wadda kotu ta ci tarar naira 100,000 a Afrilun 2020 saboda liyafar da aka yi a gidanta lokacin kulle. Wannan a Legas aka yi, ƙarƙashin dokar jihar Legas, ba ta tsallako Sakkwato ba.

Muhimmin abu shi ne wanda yake yanke hukuncin. Kotu ce, bayan an gurfanar da mutum an same shi da laifi. 'Yan sanda, jami'an Sibil Difens, na kiyaye haɗurra, na shige da fice da hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi an ba su aikin tabbatar da bin doka, amma ba a mayar da su alƙalai ba. Babu tarar da ake biya a hannu a bakin rumfa. Sashen hukuncin kuma abu biyu ya ambata, tara da ɗauri, babu kwashe kujerun haya a cikinsa. Na faɗi haka ne domin a wancan lokacin wani ya same ni ina kafa rumfa a Gidan Igwai, ya ce shi ɗan kwamiti ne, in ba shi "na sulhu" ko a tafi da kaya. Na roƙe shi cikin ladabi ya nuna mini katin aikinsa, ya kuma rubuta mini laifina a takarda. Ya ce zai dawo, har yau shiru. Ba ina cewa a yi wa jami'in gaskiya taurin kai ba, tare shi ma laifi ne a dokar. A tambaya dai, da murya ƙasa.

Wa za a kama in an saɓa? Dokar ta ɗora nauyin a kan mai kula da wurin da kuma kowane mahalarci a karan kansa. A biki na ƙofar gida, mai gida ne ya tara jama'a, ba wanda ya kawo ƙarfe da tampol ba. Sai dai mu ne ake gani a tsaye da guduma, sunanmu da lambar wayarmu ne a bayan kowace kujera. Shi ya sa na fara rubuta 'yar yarjejeniya a bayan rasit: na kawo rumfa kaza, na jera kujeru da tazara, na ajiye bokiti da sabulu, kula da baƙi na mai biki ne. Ya sa hannu, in sa. Wanda kuma ya tashi daga hayar kaya ya koma ɗaukar nauyin shirya taron gaba ɗaya, ya sani ya matsa kusa da zama mai kula da wurin.

Ban ɗauki cutar nan da wasa ba. Tun da aka tabbatar da ita a Sakkwato a Afrilun 2020 mun ga an kai mutane cibiyar killace masu cutar da ke Amanawa, mun kuma yi jana'izar dattawan da ba mu zata ba. Dokar tana da manufa mai kyau, kuma bambanta fili da ɗaki da ta yi hikima ce. Abin da yake ci mini rai shi ne wanda nauyin yake faɗa wa. A daidai waɗancan makonnin na farkon 2021 gwamnati da kanta ta sa jama'a cunkoso a ofisoshin rajistar lambar NIN, kafaɗa da kafaɗa tun asuba, don gudun a rufe musu layin waya. Babu mai igiyar mita biyu a can. Manya suna taronsu yadda suka saba. Sai talaka mai aurar da ɗiya da mai kujera sittin ne ake tsoratarwa da gidan yari. Kuma hukuncin da ya tashi daga naira 200 ya dira a wata shida gibi ne mai faɗi, irin wanda mai neman na goro yake fakewa a ciki.

Hajiya ba ta karɓi kuɗinta ba. Mun zauna mun sake lissafi: rumfa shida maimakon huɗu, an rage kujeru, kamu ranar Juma'a da yamma, walima ranar Asabar kashi biyu. Da za ta fita ta juyo ta ce in tura mata bayanin a rubuce, akwai ƙanwarta a Runjin Sambo da ita ma ta ɗage suna saboda muryar nan.